Kaɗanyar da muka je saye, a buhun gawayi muka tarar da ita

Rubutun yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Shekaranjiya a wani guruf namu na ga an sake yaɗa hoton nan da kuka sani. A gefe ɗaya kwalbar man kaɗe a wani shagon Turai da farashinta a dala, a ɗaya gefen wata dattijuwa a ƙauye tana tuƙa shi a tukunya. A ƙasa an rubuta wai matasan Arewa lalaci ne ya kashe mu, muna zaune a kan zinare muna jiran aikin gwamnati. Jama'a sai danna alamar so ake yi, ana ta "wallahi gaskiya ne". Ni ban danna ba. Na taɓa sauka daga kan zinaren na ce bari in tono shi, kuma har yau ban gama biyan bashin ba.

Kun tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Wasu sun koyi ɗinki, wasu sun yi aure, wasu sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai har da na benci. Mu uku ne muka ce kamfani za mu kafa: ni, da abokina ɗan Mubi mai karantar kimiyyar sinadarai, da 'yar ƙanwar mahaifiyata wadda ta fi mu iya lissafi da magana da mutane. Ofishinmu garejin gidanmu ne a Damilu. Jarinmu kuwa kwasar adashin Inna ce, da kuɗin babbar wayar abokina da ya sayar ya koma 'yar rakani-kashi. Za mu yi man shafawa na kaɗe, da sabulun darbejiya, da farin garin 'ya'yan kuka irin wanda ake damawa a nono. A jikin sitikarmu har mun rubuta cewa kayanmu daga daji suke kuma ba sa cutar da daji. A lokacin mun yi imani da wannan magana da zuciya ɗaya.

Mun samu wasu mata a wani ƙauye ta wajen Mayo-Belwa. Babbarsu, wadda kowa ke kira Goggo, ita ta karɓe mu, ta yi ta dariyar Fillancina. Man da muka fara saya a hannunsu fari ne sol, mai laushi, ƙamshinsa kamar na sabuwar gyaɗa. Muka zuba a robobi, muka ɗora a Facebook da WhatsApp, cikin sati biyu ya ƙare. Har wata mai shagon kayan kwalliya a Abuja ta ce in dai haka kayanmu yake, ta ba mu oda duk wata.

"In dai haka yake." Nan ne gizo ke saƙar.

Da muka koma karo na biyu, a tsakiyar damina, man da aka kawo mana ya yi duhu, yana warin hayaƙi. Matan dai su ne, hannun dai shi ne. Abin da ya faru, kaɗanya tana zubar da 'ya'ya ne daidai lokacin da ruwa ya sauka, lokacin da mace ke da aikin gona a gabanta. In ba a tafasa ƙwallon da wuri ba sai ya fara tsiro, man ya yi tsami. In an tafasa kuma babu rana, sai a busar da shi a kan wuta, hayaƙi ya shige shi. Abokina ya ce wannan hayaƙin ba wari kawai yake bari ba, yana barin sinadaran da masu saye a waje ke aunawa, in sun yi yawa a mayar maka da kayanka. Mai shagon Abuja ba ta auna komai ba. Buɗe roba ɗaya ta yi, ta shinshina, ta turo mana saƙo mai ladabi. Ba ta sake kira ba.

Wannan shi ne abin da masu yaɗa hoto ba sa gani. Kamfani ba abu mai kyau yake sayarwa ba, abu iri ɗaya yake sayarwa. Wanda ya sayi robarka yau yana son ta gobe ta zo daidai da ita a launi da ƙamshi da laushi. Daji kuwa bai san wannan yarjejeniya ba. Bana itace ya yi 'ya'ya da yawa, baɗi ya huta. Na kan tudu daban, na fadama daban. Kafin ka mayar da abin daji ya zama iri ɗaya sai ka zauna da masu tsinta, ka saya musu tabarmin shanya da rumfa, ka biya su fiye da dillali don su ware maka mai kyau, ka yi haka shekara uku ko huɗu kafin ka ga riba. Wane banki zai jira ka? A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya kansa ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, ka ƙiyasta abin da bankin kasuwa zai ɗora wa ɗalibi mai gareji.

Ban da zafin Yola. Man kaɗe ba ya buƙatar wuta kafin ya narke, zafin watan Maris da Afrilu a garinmu ya ishe shi. Ya narke da rana, ya daskare da dare, ya koma tsaki-tsaki kamar an zuba masa gero. Firij muke buƙata, firij na buƙatar wuta, janareta na buƙatar mai. A farkon 2023 kuma aka shiga wahalar canjin kuɗi, Goggo ta ce ita ba ta san wani abu wai shi tiransifa ba, a kawo mata abin da za ta ƙulle a bakin zane. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, duk mai sana'a a ƙasar nan ya san su, ko mai sayar da ƙanƙara ne.

Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu shi ne abin da na gani a daminar 2024.

Mun ɗan farfaɗo, mun tara wasu 'yan kuɗi, na hau mota na koma ƙauyen don in yi ciniki da wuri. Gonar da ke bayan gidan su Goggo, inda a 2022 na ƙirga manyan kaɗanyu har na gaji, na tarar da kututture. Gefe guda ga tudun ƙasa yana hayaƙi, ga buhuna a jere a bakin hanya suna jiran mota. Na ce, "Goggo, ina itatuwan?" Ta ce, "Ɗana, 'ya'yan ne namu, itacen ba namu ba ne." Gonar ta ƙanen mijinta ce. Ɗansa ya kwanta asibiti, masu gawayi suka zo da kuɗi a hannu da injin yanka, aka gama magana kafin la'asar. Yanzu matan sai sun yi tafiya mai nisa cikin daji kafin su cika kwando, ga maciji a ciyawar asuba, ga tsoron abin da kowa ya sani a dazukan yanzu.

Ban ga laifin mutumin ba, kuma ina roƙon ku kada ku gani. Kaɗanya tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, tana iya rayuwa shekara ɗaruruwa, amma injin yanka ba ya buƙatar rabin sa'a. Kuɗin 'ya'yan na shiga hannun mata ne kaɗan-kaɗan duk shekara, kuɗin itacen kuwa na shiga hannun mai gona ne a dunƙule, yau. Wanda ke da ikon sarewa ba shi ke cin amfanin barin ta ba. Muddin haka abin yake, duk kamfanin da ya rubuta "mai ɗorewa" a jikin kwalbarsa, a kan dukiyar wani yake rantsuwa.

To su wa ke sayen gawayin? Mu ne. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, gas da kananzir suka yi tashin gwauron zabo, ɗakin ɗalibi nawa ne babu kurfoti? Kuma in ka je saye, kai da bakinka kake cewa a ba ka mai nauyi wanda ba ya saurin cinyewa. Mai nauyin nan ƙirya ce da kaɗanya. Ni kaina da na dawo Damilu a daren, tuwon da na ci a kan gawayi aka tuƙa shi. Ban ce a daina girki ba. Cewa na yi mai yaɗa hoton kwalbar Turai ya leƙa ƙarƙashin tukunyarsa.

Wanda yake ganin ƙari nake yi ya tambayi mutanen Taraba da kudancin jiharmu labarin madobiya, wadda 'yan katako suka laƙaba wa suna "Madrid". Cikin 'yan shekaru tireloli suka kwashe ta zuwa tashar jirgin ruwa, daga can zuwa Sin, inda ake kayan ɗaki masu tsada da ita. Itacen da makiyaya ke sassabe wa shanu ganyensa da rani. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Kafin takarda ta iso, manyan sun riga sun tafi, masu sara har sun fara laɓaɓawa gefen gandun Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji girma a ƙasar nan. Shi ma ai kasuwancin albarkatun daji ne, kuma an samu kuɗi. Irinsa ne ke da sauƙi: ka sare, ka loda, ka tafi. Wanda ke da wuya shi ne wanda za ka dawo baɗi ka tarar da abin saye.

Sai maganar takardu. A gida kana buƙatar lambar NAFDAC kafin babban shago ya karɓi kayanka, kuma gaskiyarsu ne, abin da mutum zai shafa ko ya sha ba a wasa da shi. Amma kafin a zo duba ka sai kana da wurin aiki na musamman, da ruwa mai tsabta, da sakamakon gwaji. Garejin da akuyar Inna ke leƙowa ba ya ciki. A waje kuwa abin ya wuce haka. Kukar nan da kakanninmu ke sha tun ran gini tun ran zane, sai a 2008 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da garin 'ya'yanta a matsayin abinci, domin a dokarsu "sabon abinci" ne. Kuma ba mu muka nema ba, wata ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta kudancin Afirka, PhytoTrade, ta ɗauki nauyin gwaje-gwajen da rubuce-rubucen. Ƙaramin kamfani shi kaɗai ba zai iya ba.

In ƙofar ta buɗe ma, mutum ɗaya na iya rufe wa kowa. A 2015 Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda an yi ta samun maganin ƙwari a cikinsa, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. A 2018 Meziko, wadda ke sayen zoborodonmu da yawa, ta dakatar da shi saboda wani ƙwaro da aka gani a cikin kaya, manoman Jigawa da Kano da Katsina suka kwana a ciki. Kai ka tsabtace naka, wani a wata kasuwa ya zazzaga magani a buhu, sunan ƙasa ɗaya ne a jikin kwantena.

Ƙaro ma haka. Sudan ce kan gaba a duniya, sai Chadi da mu. Yana cikin lemon kwalba da alewa da magunguna. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 duniya ta shiga neman inda za ta samu. Dama ce, amma dakwara ba ta jin labarin farashi, sai ta shekara huɗu ko biyar kafin a fara tsaga ta, kuma dazukan Borno da Yobe inda ta fi yawa an daɗe ba a shiga wasunsu da kwanciyar hankali. Akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa, amma manyan masu tace shi su mayar da shi garin da masana'antu ke so, irin su Nexira da Alland & Robert, a Faransa suke.

Akwai wani labari da nake so duk ɗalibin haɗa magunguna da na sinadarai ya sani, domin ya nuna cewa ko ilimi ya cika, abin na iya tsayawa. Cibiyar NIPRD ta Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya na ciwon sikila daga hannun wani malamin coci, Paul Ogunyale. Masoro ne, da kanumfari, da karan dafi, da wani itace ɗan uwan madobiya. Suka yi bincike, suka yi gwaji, suka fitar da magani mai suna Niprisan, kuma suka sa sunan mai haɗin a takardar mallakar fasahar, abin da ba kasafai ake yi ba. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisin sarrafawa. A 2006 aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. A 2008 kamfanin ya karye. Magani ya ɓace daga kasuwa, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, sai bayan shekaru aka ba wani kamfanin gida. Ganye yana nan, ilimi yana nan, majinyata suna nan. Kuɗi da riƙon amana ne suka gaza.

Shi ya sa in ka je ƙauye da littafi da biro kana tambayar tsoho wane saiwa yake haɗawa, ya yi maka shiru, kada ka ce jahilci ne. Darbejiya ma sai da wani kamfanin Amurka ya samu takardar mallakar wani maganin feshi da aka yi da ita, mutanen Indiya suka yi ta shari'a har ofishin Turai ya soke a 2000. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce duk wanda zai ci riba da tsiron wata al'umma ko iliminta sai da izininta kuma a raba amfani. Magana ce mai kyau. Amma mu da muka rubuta "daga daji" a sitika, me muka raba da su Goggo ban da kuɗin mudu? Hotonta muka ɗauka muka yi talla da shi, ko tambayarta ba mu yi ba. Wannan yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Na san wani zai ce ai gwamnati ta ɗauki mataki. Haka ne. A ƙarshen Agustan 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗe na wata shida, don a tilasta sarrafa shi a gida. Hujjar da aka bayar ita ce muna samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na kaɗen duniya amma rabonmu a kasuwar bai kai kashi 1 ba. A watan ne kuma aka buɗe babbar matatar man kaɗe a Kudu ta ƙaramar hukumar Mokwa a jihar Neja. Ni ina goyon bayan manufar. Amma an sanar da ita ne a lokacin da mata suka gama tsinta, suka gama shanya, kaya na ɗaki ana jiran mai saye. Farashi ya faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Mai matata ya samu kaya da araha, mai tsinta ta ɗauki asarar. To ka koma gonar ƙanen mijin Goggo ka yi lissafi: in kuɗin 'ya'ya ya ragu, kuɗin gawayi bai ragu ba, me kake tsammani zai faru da sauran itatuwan? Dokar da za ta taimaki masana'anta ta karya mai tsinta, reshen da take zaune a kai take sara.

Ra'ayina, kuma ina shirye a yi mini gyara a ƙasa: a daina ce wa ɗalibi ya je ya "fara da ɗan abin da yake da shi" a wannan harka kamar sayar da katin waya ce. Ba sana'ar mutum ɗaya ba ce. Tana buƙatar ƙungiyar mata mai rumbu da wurin shanya, da mai gona da zai ga wani abu a hannunsa duk shekara saboda ya bar itace a tsaye, da mai unguwa da hakimi da za su tsaya a kan maganar, da ɗakin gwaji a kusa wanda ba sai ka aika samfur Legas ba, tafiyar fiye da kilomita dubu.

Kuma a nan ne nake ganin namu laifin, ba inda masu hoto ke nunawa ba. Duk shekara, daga Girei zuwa Mubi zuwa Samaru zuwa Sakkwato, ɗalibai nawa ne ke rubuta firojek a kan sinadaran da ke cikin ganyen kaza? A jiƙa ganye, a ga launi ya canza, a rubuta akwai kaza da kaza, a ɗaure da baƙin bango, a ajiye wa gara. Wanda ya zo baɗi ya kwafe, ya canza sunan ganye. Alhali tambayoyin da suka karya mu suna nan ba mai taɓawa. Kwana nawa ƙwallon kaɗe zai yi kafin tsaminsa ya wuce abin da mai saye zai karɓa? Wace irin rumfar shanya ce mace za ta iya haɗawa da kayan da ke ƙauyenta? Kaɗanya nawa ta rage a gona ɗaya a Ganye ko Jada ko Song, kuma nawa ne ƙanana a cikinsu? Wannan ta ƙarshen ta fi damuna, domin a duk yawon da na yi a gonakin nan, tsofaffi na gani. Garmar shanu da wutar daji da awaki ba sa barin ƙaramar ta tashi.

Kamfaninmu dai ya mutu a ƙarshen 2024. Abokina ya ɗan yi fushi da ni a kan kuɗin wayarsa, mun shirya a bikin yayarsa. 'Yar uwata ta koma sayar da atamfa, tana samu. Sauran robobin suna ɗakin ajiyar Inna, in hunturu ya shigo ita ke rabawa maƙwabta suna shafa wa kaushi, tana ce musu na kamfanin ɗanta ne. Kuɗin adashinta saura kashi ɗaya cikin uku ban mayar ba, ba ta taɓa tambaya ba, wanda ya fi tambayar ciwo.

Sufabaizana ya yarda in canza taken firojek ɗina zuwa ƙidayar kaɗanya a gonakin ƙauyen su Goggo, manya da ƙanana da kututture. In an yi hutu zan tafi, sati biyu. Ina neman mutum biyu: ɗaya daga sashen gandun daji wanda ya iya awon kaurin itace, ɗaya kuma wanda Fillancinsa ya fi nawa, don kada Goggo ta sake tara mini mata suna dariya. Kuɗin mota kowa ya ji da kansa, abinci da wurin kwana ta ce a bar mata. Mai sha'awa ya same ni ta akwatin saƙo kafin Juma'a.